Ruwan da Ya Cinye Mini Lambu a Tsakiyar Bazara

Zuwa ga Maigirma Shugaban masu buɗe ƙofofin madatsar ruwa da ke can sama da mu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, ban san sunanka ba, ban san inda ofishinka yake ba, shi ya sa na ba da takardar nan a buga a jarida, ko Allah zai sa ta zo hannunka. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, in ka ga kuskure ka yi mini afuwa.

Sunana Hajara, ina zaune a Haɗeja, gidanmu shi ne na ƙarshe kafin gangaren kogi. Maigidana ɗan lambu ne, Allah ya yi masa rasuwa da kakar bana, ya bar ni da yara uku. Ga abin da ya kawo ni.

Na farko. Da na fita takaba, dangin Malam, wato maigidan nawa, suka zauna a kan yaran. Yayansa da ke Kafin Hausa ya ce zai ɗauki biyu, ƙanwarsu ta Auyo ta ɗauki ƙaramar, ni kuma in koma gidanmu. Ba mugunta ba ce, haka ake yi, shekarun farin nan kuma ba su bar wa kowa rumbu cike ba. Na roƙe shi ya bar mini su zuwa ruwan farko, in gwada lambun ubansu. In ya ga miya a tukunya da abin kaiwa kasuwa a sayo hatsi, ya ƙyale mu a gidan. In bai gani ba, ya zo ya ɗauka, ba zan ce uffan ba. Sai ya ce:

"Hajara, ba ƙwace zan yi miki ba. Amma ba zan bar 'ya'yan ƙanena su kwana da yunwa ba."

A kan haka muka rabu.

Na biyu. Ina so ka san yadda muke lambu a nan, don na lura kamar ba a taɓa gaya muku ba. Idan bazara ta shigo, kogi yakan janye ya zama kamar zare a tsakiyar yashi. Masu ƙarfi suna tsayawa a bisa gaɓa su ja ruwa da jigo. Marasa ƙarfi sukan bi ruwan zuwa ƙasa, su yi fangali, wato 'yan filayen shuka, a cikin kwarin kogin inda akwai laima, su riƙa ɗiba da ƙwarya. Ba wanda yake tsoro, domin tun kakanninmu kogin nan ba ya tasowa sai damina ta yi nisa, kafin nan kowa ya kwashe amfaninsa.

Ni lokacin Malam ban taɓa riƙe fartanya ba, ina cikin gida. Abin da na sani duk daga bakinsa na ji, in ya dawo da la'asar ina zuba masa ruwa yana wanke laka a ƙafa. Na gwada jigonsa, ƙarfina bai kai ba. Na tambayi tsofaffin 'yan lambu, suka ce in sauka ƙasa, babu abin da zai taɓa ni sai zafin rana. Na sauka. Ni da 'yata ta fari muka kai kashin awaki da toka a kanmu, muka kewaye wurin da ƙaya saboda dabbobi. Irin da Malam ya adana a tulu cikin toka, kuɓewa da alayyafo da yakuwa da barkono, duk na juye. Ban rage ko ƙwaya ba, domin a gaskiya dama ɗaya aka ba ni.

Kuma ya fito, ranka ya daɗe. Wannan nake so ka sani. Ya fito. Alayyafo har mun fara yanka, na aika wa yayan Malam ɗauri guda a motar kasuwa don ya gani da idonsa. Kuɓewa ta fara fure. Ƙaramar 'yata takan tsuguna ta gaishe ta da safe, wai kuɓewar Baba ce.

Na uku. Wata Laraba da hantsi, rana ta buɗe, babu ko ɗigon gajimare, ina ban ruwa sai na ji sanyi a dugadugaina. Ruwan damina mun san shi, ja ne, yana zuwa da kara da kumfa, kuma hadari yakan riga shi. Wannan fari ne tas, mai sanyi, ba ya yin wata ƙara, hawa kawai yake yi. Kafin azahar ya rufe fangali na ƙasa. Muka shiga tumɓuke barkono da hannu muna zubawa a ƙwarya, muna gudu da shi bisa gaɓa muna dasawa a busasshiyar ƙasa. Kafin magariba barkonon duk ya kwanta. Ruwan ya yi kwanaki a kan lambun, sa'an nan ya koma yadda ya zo, ya bar mini laka da ƙaya.

Ba ni kaɗai ba ce. Duk wanda ya sauka kwari ya rasa, kuma waɗanda suke sauka kwari ai mu ne, zawarawa da tsofaffi. Masu jigo a sama ko ganye ɗaya ba su rasa ba.

Na huɗu. Na je wurin mai unguwa, ya rantse ba wanda ya sanar da shi komai. Na je wurin malamin gona, ya tausaya mini, ya ce ruwa ba sashensu ba ne. A bakin wani direban babbar mota muka ji cewa ƙofa kuka buɗe a madatsa. Ban ce da gangan kuka yi ba. Wataƙila kuna da dalili mai kyau, wataƙila wasu ne can ƙasa da mu suka roƙi ruwan. Amma in har kuna da ikon aiko da kogi guda a tsakiyar bazara, ashe ba ku da ikon aiko da mutum ɗaya ya riga shi isowa?

Wasu sun ce in sake shukawa. Da wane iri? Ko an ba ni, a ina zan zuba? Sama ba na iya jan jigo, ƙasa kuma yanzu ba wanda ya san ranar da za ku sake buɗewa. A da mun san kogin nan kamar yadda muka san maƙwabci, yanzu sai abin da kuka ga dama.

Don haka roƙona biyu ne. Duk ranar da za ku buɗe ƙofa, ku aiko wa hakimai tun da wuri, a sa mai shela ya zaga, ko a faɗa a rediyo da Hausa. Sa'an nan ku turo wani ya zo ya tsaya a gaɓar nan, ya ga inda mutane suke shuka, ya koma ya gaya muku. Ban roƙi komai don kaina ba, na san kafin takardar nan ta same ka, tawa ta ƙare.

Jiya da yamma an ga hadari a gabas, unguwa duk murna ake yi. Na wanke wa yaran tufafinsu, na ɗaure su ƙunshi biyu, na Kafin Hausa da na Auyo. Manyan sun gane. Ƙaramar ban gaya mata ba tukuna, ina neman yadda zan fara.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya yi maka jagora a aikinka, ya raya maka 'ya'yanka a gabanka, a gida ɗaya.

Wassalam.

Ni ce,
Hajara, matar marigayi mai lambun bakin kogi,
Haɗeja.