Hammana, kada ka bar maganin saboda ni

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana samun sauƙi, ina gaida yayanka Hamma Sale da yake jinyarka a asibiti a Maiduguri, Allah ya biya shi. Mu nan Kolere lafiya lau, sai ruwa da ya ɓata hanya.

Ranar Juma'a a waya ka tambaye ni, "Na zama wani iri, ko?" Na yi shiru. Jiya Hamma Sale ya kira ni ya ce tun ranar kake cewa idan an sallamo ka za ka ajiye maganin, wai matarka ta fi son ka yadda kake kafin ka fara shan sa. Shirun nawa ne ya jawo. A wannan shafin nawa na intanet na riƙa saka hotunan ɗinkin da kake min mutane suna yabawa, shi ya sa na kawo amsar nan ɗin.

Ka san ni da littattafai. Ka auro ni da su cike da jaka, har kana tsokanata wai kishiyoyinka ne. A cikinsu miji ba ya gajiya da magana, ba ya iya cin abinci sai ya ga matarsa. Kai kuwa tela ne mai shiru-shiru. Ka dawo daga shago, ka ci tuwo, ka ce sannu da aiki, shi ke nan. Na sha kallonka ina cewa a raina, da ma.

Sai ga shi bayan sallah ka sauya. Kana kirana sarauniya a gaban maƙwabta. Yau riga, gobe doguwa, jibi wata mai duwatsu a wuya. Ban tambayi inda atamfofin suke fitowa ba, ashe na mutane ne da suka kawo ɗinki. Ka daina barci, ka daina ci, bakinka ba ya hutawa. Ni ko murna nake, ina cewa addu'ata ce ta karɓu.

Dada, mahaifiyarka, ta zo ta zauna a tabarma tana kallonka. Da za ta tafi ta ja ni soro ta ce, "Ɗan nan nawa ba haka idonsa yake ba." Na yi dariya na ce Dada soyayya ce. Uwar da ta haife ka na yi wa dariya.

Ban farka ba sai ranar da aka tsinto ka a hanyar Mayo Bani, ba takalmi, jiƙe sharkaf, kana gaya wa masu noma za ka saya min rafin da ke wurin gaba ɗaya.

Bayan tafiyarku Maiduguri wata maƙwabciya ta kai ni taron da iyalan masu irin ciwonka suke yi ranar Asabar a wani ajin firamare. Na je da niƙabi don kada a gane ni. Mama Rifkatu ce ke jagoranta, tsohuwar nas daga Michika. Da na ba da labarin rigunan ina kuka, sai ta ce da Hausarta, "Yarinya, kai likita ne? Miji ya kawo zani, ka sa. Wane ne zai ƙi?" Aji ya kwashe da dariya, har da wani dattijo makiyayi da ɗansa ke shan magani. Ni ma na yi, hanci na zuba.

A wurinsu na koyi cewa rashin barcin nan alama ce ta ciwon ƙwaƙwalwa, kuma ciwon yana da magani kamar hawan jini. Sun gaya min za ka dawo da nauyin jiki da yawan barci, magana kaɗan-kaɗan. Wata mata daga Mugulbu ta ce ita ta dami mijinta da mitar ya yi sanyi, ya bar ƙwayoyin don ya faranta mata. Yanzu ba su san garin da yake ba. Ba ta yi min nasiha ba, hannuna kawai ta riƙe.

Ba zan yi maka ƙarya ba, Hamma. Na yi kewar mai kirana sarauniya, abin da ya ɗaure min harshe ranar Juma'a ke nan, kuma ina jin kunyarsa. Amma wancan ba ya barci, yana ƙonewa ne a gabana ina tafa masa. Wanda ya taɓa tafiya da ƙafa har tasha don ya samo min tsamiya da nake zazzaɓi, bai ce komai ba ya ajiye ya fita, shi na aura. Shi nake jira.

Ka sha maganinka, don Allah. Ka yi barci har hantsi, zan rufa maka abincin. Idan ba ka da abin faɗa mu zauna haka nan. Mama Rifkatu ta ce in zo da kai ranar Asabar idan ka yarda, idan ba ka yarda ba ni zan ci gaba da zuwa, fuska a buɗe.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sa kaffara ne. Allah ya dafa wa duk gidan da ke jinya a ɓoye, ya mayar wa matar Mugulbu da nata. Ni kuma ka yafe min shirun nan.

Matarka,
Maman gida, kamar yadda kake cewa da kana lafiya.