Gashin Shamuwar Inna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

Gashin shamuwar tsamiyar gidanmu da ka aiko, mun auna shi a ɗakin bincikenmu. Gashi yakan riƙe alamar ruwan ƙasar da ya tsiro, shi kuwa wannan, kudancin Afirka ya nuna. Ashe ba Madina take cin rani ba, saɓanin yadda marigayi Baba yake faɗa.

Tun Litinin da sakamakon ya fito na kasa zama a ofis. Inna fa duk kaka sai ta ba tsuntsuwar nan saƙon gaisuwa ga Manzon Allah.

A gaida Anti Rabi, a sa ni a addu'a. Shi oganmu, na rubuta masa gaskiya. Inna kuwa, in ta tambaya, ka ce ana kan awo.

Ƙanwarka,
Hadiza, Abuja