Bakin Inna Ya Kama Sunana

Litinin, 8 ga Janairu 2024
Muna asibiti a Damagaram tun jiya. Inna ta tashi alwala, jiri ya kwashe ta, sai amai. Hannu da ƙafa duk suna motsi, amma in ta miƙe tangaɗi take kamar mai koyon tafiya. An yi mata hoton kai. Na kira ƙanena Sadisu, yana Kano cin rani. Alhamdu lillahi tana gane kowa.

Laraba, 10 ga Janairu
Ina gyara mata ɗankwali ta ce, "Basira, hannunki da sanyi."
Basira! Ni fa ce 'yar fari. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba saboda alkunya, "ke" ce kawai, ko "waccan". A Dungu wurin kaka na girma. Na fita waje na sha kukana, ni kaina ban san na mene ne ba.

Asabar, 20 ga Janairu
Mun dawo Matameye, gida cike da 'yan dubiya, ni kuwa ina ta neman inda zan ɓoye fuska. Inna da ba a jin muryarta ko a zaure! Alhaji Muntaka maƙwabcinmu ya zo gaisuwa, ta ce masa ya yi tumbi. Gwaggo Ladi, ƙanwar marigayi Baba, ta kawo tuwo, Inna ta ce miyarta ba ta taɓa jin gishiri ba tun tana amarya. Gaskiya ce dai, Allah ya yafe mini.
Gwaggo ta ja ni gefe. "'Yar nan, wannan ba ciwon likita ba ne. Mace ta kira 'yar farinta gatsau? An shige ta."

Talata, 6 ga Fabrairu
Mun koma ganin likita. Mace ce mai haƙuri, Allah ya saka mata. Na rage murya na faɗa mata maganar Gwaggo. Ta ɗora hannuna a ƙeyata ta ce nan akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa, a can jini ya toshe wa Inna. Wai da an ɗauka tafiya da aikin hannu kaɗai take daidaitawa, sai masu bincike suka lura wasu da ta lalace musu halinsu ma yana canzawa. Yadda take auna taku kar ya wuce wuri, haka take taya mutum auna magana da dariya da fushi.
Na ce, "To ba hauka ba ne?"
Ta ce a'a, ma'auni ne ya goce, kuma sau da yawa yana dawowa a hankali in ana motsa ta. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na yau ba.

Juma'a, 16 ga Fabrairu
Kullum da hantsi muna tsintar wake a faifai, mu taka daga ɗaki zuwa gindin dalbejiya, in sa ta jera mini yadda ake haɗa fura daga farko. Yau muna cikin tsinta ta ce, "Basira, ranar da aka tafi da ke Dungu bayan rumbu na je na yi kuka, don kar a ji ni." Ta faɗa kamar mai ba da labarin kasuwa, ta ci gaba da wakenta.
Da ciwon nan bai zo ba, da haka za mu mutu ban sani ba.

Lahadi, 3 ga Maris
Ta kai butarta bayan gida da kanta, ban riƙe ta ba.

Asabar, 20 ga Afrilu
Alhaji Muntaka ya zo barka da salla a makare, ta gaishe shi tsaf, har da sunkuyar da kai. Gwaggo ta ce rubutun da ta karɓo ne ya yi aiki. Na ce mata haka ne, me zai sa in yi gardama? Sunana dai ya fara wuya a bakin Inna. Ni ce nake jan ta tana komawa yadda take, kuma gobe ma zan ɗauko faifan.

Litinin, 10 ga Yuni
An yi ruwa, Sadisu ya dawo shuka. Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ke, kawo wa ɗan'uwanki fura." Sadisu ya yi dariya ya ce, "Yawwa, Inna ta warke!" Kowa ya yi hamdala, ni ma na yi, har zuciya. Sai dai sai da ta maimaita na amsa. Wataƙila ban ji na farkon ba.
Da la'asar tawa 'yar farin ta shigo daga lakwal, jakar littattafanta a jiƙe. Na ce, "Zuhra, zo ki ci abinci." Ta tsaya ƙiƙam a bakin ƙofa tana dubana. Bakina ne ya kuɓuce. Inna tana kan tabarma, ta ji sarai.