Alkawarin Kaka da Shamuwa Mai Zobe

Zuwa ga angona mai bin tsuntsaye,

Kafin gaisuwa, ga kacici-kacici: wane gida ne ba ƙofa ba rufi, masu shi suna mutuwa, amma bai taɓa zama kango ba? Kakanka ne ya yi mini shi a gindin tsamiyar tsakar gida, ya tafi lahira da amsarsa don tsabar mugunta. Kai da ka sha boko, gwada.

To, ina gaishe ka, ya aiki? Ni lafiya lau, in ban da gwiwa da kawunka. Ya kafe sai na bar gidan nan na koma wurinsa, wai tsohuwa ba ta zama ita kaɗai. Na ce da sharaɗi: in shamuwata ta dawo kan tsamiyar bana, ina nan daram. In ba ta dawo ba, in tattara. Ya yi dariya ya yarda.

Ai ka san ta. Ita ce ka kama bara, ka sa mata zobe a ƙafa, ka goya mata wani abu kamar akwatin ashana. Ni da nake matarka ko zoben ƙarfe ban gani ba! Ka ce abin yana gaya maka inda ta kwana. To duba mini, tana ina?

Amaryarka,
Kaka

*

Kaka,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Abin da na goya mata na'ura ce, da hasken rana take aiki. Tana aiko mana da inda tsuntsuwar take, sai mu ga ɗigo a taswira a kwamfuta. Da haka muke gane hanyar da shamuwoyi suke bi, da inda suke ya da zango. Zoben kuma lamba ce, da ita muke sanin wadda ta dawo da wadda ta ɓata. Taki ta yi rani a bakin wani babban tafki, yanzu ta kamo hanyar gida.

Kacici-kacicin ya fi ƙarfina. Zobe kuwa sai kin daina ce mini mai kunnen zomo.

Ki huta lafiya,
Jikanki

*

Mai kunnen zomo,

Ina gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba. Hadari ya fara haɗuwa, shamuwoyin maƙwabta duk sun sauka, tawa shiru, kai ma shiru. Kawunka har ya aiko da kwalaye, an jibge mini a bakin ɗaki.

Jiya na zauna ina tuna shekarar da na shigo gidan nan. Ranar da shamuwar ta fara sauka, kakanka ya cire hula ya ce mata sannu da hanya, ita kuwa ta sakar masa kashi a tsakiyar sanƙo. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ya share kai ya ce, "Wannan ta fi dangina zumunci, ko ba komai ta zo da tsaraba." Tun daga nan duk shekara sai ya cire hular, amma daga nesa. Bayan ba shi, ni nake yi mata sannun.

Gaya mini gaskiya, yaro. Ɗigon naka yana motsi?

A gaida abokan aiki,
Kaka

*

Kaka,

Ina gaishe ki, ki yafe mini shirun.

Ɗigon ya tsaya wuri ɗaya. Na je da kaina, na same ta a mace a ƙarƙashin wayar lantarki. Zoben yana hannuna.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya miki ba. Shamuwa ba ta kai waɗannan shekarun. Wadda ta ɓata wa kakana kai ta daɗe da mutuwa. Kin yi ta yi wa sababbi sannu ne.

Kawu ba ya bambance wata da wata. In wata ta sauka, ni ba zan ce komai ba.

Allah ya ƙara miki lafiya,
Jikanki

*

Angona,

Na gaishe ka. Na yi kukana na share, kar ka gaya wa kowa.

Ba zan yi wa ɗan da na haifa ƙarya saboda tsuntsuwa ba. Na cika kwalayen. Amma na sa shi ya rantse ba mai taɓa tsamiyar, kuma mabuɗi yana wurin tela na ƙofar gida, naka ne. Zo da kwamfutarka ka zauna, ka nemo mai share maka tsakar gida, na sake ka.

Da safen nan wasu biyu suka sauka a kan tsamiyar, ƙafafunsu ba zobe, suna ta jan kara suna gyara. Na yi musu sannu da hanya.

Gidan da kakanka yake nufi sheƙar shamuwa ce.

Sai ka zo,
Kaka