Kafaɗar Mama Ladi

Yaya Sule,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙarfin jiki, yaya Anti Rabi da yara? Ya sanyin Jos?

Ka hana ni sayar da babbar a-kori-kura, na ƙi ji. Ƙaramar ba ta shan mai kam. Amma ranar kasuwar Paiko, matan da na saba kwasa da doyarsu suka tsayar da ni, mota ta cika tun ban ɗauki rabinsu ba. Mama Ladi, wadda ke gasa mana doya muna yara, ba ta samu wuri ba.

Ta ce, "Tafi, ɗana. Ni ban sayar da kafaɗata ba." Ta saɓa kayanta, ina kallonta a madubi.

Gai da mutan gida. Ka taya ni addu'a in sake samun babba kafin kafaɗar nan ta gaji.

Ƙaninka,
Bala