Akwatunan Saƙon Yaya Auwal

Laraba da dare, garin Jajaye

Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma ina son Yaya Auwal, saurayin yayata Zuwaira, tun kafin ya tafi karatu Rasha. Da saƙonsa ya shigo 'yar ƙaramar wayata, 'yan akwatuna kawai na gani a jere maimakon haruffa. Ni kuwa na yi ta cika su da kalaman littattafan soyayya.

Yau na kai wa mai gyaran waya a Rogo. Ya ce, "Ƙanwata, kowane harafi yana da lambarsa. Wayarki ta karɓi lambobin, hotunan haruffan Rasha ne ba ta da su." Ya tura saƙon zuwa tasa wayar, sai ga harafin farko, Ж, kamar gizo-gizo. Wayarsa ta fassara. Soyayya ce zalla, amma ga wata Zhanna. Kuskure Yaya Auwal ya yi ya turo mini.

Na dawo da jajayen idanu, Zuwaira ta ce a gaban ƙawayenta, "Ke mummuna, wa ya mutu? Ko madubi kika duba?" Suka kwashe da dariya.

Na kwafe fassarar a takarda. Gobe in sun taru ƙunshi, zan miƙa mata. Bari ta karanta musu da ƙarfi.