Husaini Ba Lafiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya a ajin yaƙi da jahilci.

Damina ce mai nauyi bana a Haɗeja, ruwa ya ci rabin shinkafarmu ta fadama, abin da ya rage kuma tsuntsayen jan-baki suka sauka a kai. A irin wannan shekara ɗana ya kusa gama jirginsa. Walda yake yi a garejin baffansa, ƙanin marigayi mijina. Shekara uku yana haɗa ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, kujera ɗaya, wai don a riƙa korar tsuntsu da feshi a gonaki. Komai nasa mara nauyi ne, bututun alminiyam, injin babban babur, ko ƙusa sai ya ɗora a sikeli. In hannunsa duk baƙin mai ne ni ke riƙe littafi, yana faɗa ina rubutawa. Fukafukin sama guda biyu ya ce dole nauyinsu ya zo ɗaya kamar tagwaye, sai muka sa musu suna Hassan da Husaini, mu kaɗai muka san wannan.

Ranar gwaji ya ɗaure jirgin da igiya, ya ɗora buhun shinkafa a kujera, jirgin ya tashi har kusan ƙugun mutum ya tsaya yana rawa a iska. Da ya sauke ya duba, sai ya ga Husaini ya tsage daga gindi, siririyar tsaga ƙarƙashin fenti. Ya ce in rubuta. Na rubuta, Husaini ba lafiya, kada a tashi sai ya warke.

Wani ya ɗauki bidiyon gwajin, ya yaɗu, baƙi suka fara zuwa daga Dutse. Nan baffan ya canza. Ya ce gareji nasa ne, ƙarfe nasa ne, don haka jirgi nasa ne, yaro ɗan aike ne kawai. Da ɗana ya yi magana, sai ya tara mutane ya ce yana sace masa kaya, ya kore shi, ya ƙwace littafin. Yaron da ban taɓa jin an ce ya ɗauki allurar wani ba. Iyayen yarinyar da yake nema suka ce a dakata. Yanzu yana Auyo yana gyaran injin ban ruwa, ya rame, ba ya son shigowa gari.

Jiya ya kira ni, ya ji baffan ya gayyaci manya ranar Asabar, shi da kansa zai hau. Ya kira shi ya fi sau goma, baffan ya rufe lambarsa. Ya ce, "Umma, don Allah ki je ki faɗa masa, in fiffiken nan ya ɓalle a sama ba zai sauko da rai ba." Na ce to.

Ni mutum ce mai haƙuri, duk unguwa sun sani, ko da aka raba gadon mijina ban ɗaga murya ba. Amma wallahi tun da na ajiye wayar nake jin wani sanyi a raina da nake jin kunyarsa. Ina so ya hau. Ina so mutanen da ya tara suka ji an kira ɗana ɓarawo su tsaya su ga ko ya san abin da ya ce shi ya ƙera. Gargaɗin yana cikin littafin da ya ƙwace, da hannuna na rubuta, ban ɓoye masa komai ba. Sai kuma in tuna yana da 'ya'ya bakwai, ga yaran unguwa da za su kewaye wurin.

Yau da safe na sa hijabi na tafi garejin. Na same shi yana sa a goge jirgin, littafin a hannunsa. Ya amsa gaisuwata a tsaye, ya ce, "Af, matar yaya, na ga kin rubuta wani Husaini ba lafiya, jikan wa ne? Ya jikin nasa?"

Na ce da sauƙi. Na juyo gida.

Yau Alhamis. In na koma na faɗa, zai gyara ya ci sunan ɗana har abada. In na yi shiru, kun san sauran. Ku faɗa min gaskiya, in koma?